Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisar da ke jam'iyya ɗaya da shugaban ƙasar da ake maganar tsigewa

Masu girma 'yan majalisa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ku nake rubuta wa wannan wasiƙa, ku da shugaban ƙasa ya fito daga jam'iyyarku, kuka yi masa yaƙin neman zaɓe, hotonku da nasa suka hau allo ɗaya, yau kuma ga shi ya shiga tsaka mai wuya. Da gangan na ƙi kama sunan wata ƙasa a kan wasiƙar, domin halin da kuke ciki ya sha faruwa a Amurka, da Koriya ta Kudu, da Afirka ta Kudu, da Birazil, kuma zai sake faruwa a wani wuri.

Duk lokacin da abin kunya ya fashe a fadar shugaban ƙasa, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne. Masu sharhi su cika rediyo da talabijin. Za a tsige shi? Zai yi murabus kafin a kai ga haka? Wane minista ne zai fara sauka? A Facebook kowa ya zama masanin kundin tsarin mulki, wannan ya rantse gwamnatin ba za ta kai ƙarshen wata ba, wancan ya rantse ko gezau ba za ta yi ba. Na daɗe ina bin irin waɗannan raɗe-raɗi, kuma abin da na lura shi ne yawancinsu suna kallon inda bai kamata ba. Ana ƙirga 'yan adawa, ana ƙirga masu zanga-zanga a titi, alhali maganar tana hannunku.

Lissafi ne ya nuna haka. A Amurka, Majalisar Wakilai tana tuhumar shugaba da ƙaramin rinjaye, amma cire shi sai sanatoci 67 cikin 100 sun yarda. A Koriya ta Kudu sai 'yan majalisa 200 cikin 300, sannan Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar. A Afirka ta Kudu ma kashi biyu bisa uku ake nema kafin a tsige shi. Da wuya 'yan adawa su haɗa wannan adadi su kaɗai. Waɗanda suka rubuta dokokin sun san abin da suke yi: sun so ya zamana ba a sauke shugaba sai laifinsa ya kai inda nasa ma za su ce a'a. Wato sun ɗora amanar a wuyanku tun kafin a haife ku.

Bari in tuna muku da tsohon shugaban Amurka Richard Nixon, domin labarinsa ne aka fi ambata, kuma shi ne aka fi taƙaitawa ba daidai ba. Ranar 17 ga Yuni, 1972 aka kama mutum biyar masu alaƙa da kwamitin yaƙin neman zaɓen Nixon sun kutsa cikin dare ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat da ke ginin Watergate a Washington. Wata biyar bayan haka Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. Duk wanda ya ce a lokacin wannan mutumin ba zai ƙarasa wa'adinsa ba, da an yi masa kallon mai taɓin hankali. Shekara biyu cur 'yan jam'iyyarsa ta Republican suna tsaye a bayansa. A Yulin 1973 wani hadiminsa, Alexander Butterfield, ya bayyana cewa akwai na'urar da ke naɗar duk maganar da ake yi a ofishin shugaban. A Oktoba Nixon ya ba da umarnin korar mai bincike na musamman, Archibald Cox. Ministan shari'a Elliot Richardson ya ƙi, ya ajiye aiki, mataimakinsa ma ya bi sahu. Duk da haka mafi yawan 'yan jam'iyyar ba su motsa ba. Har ranar 27 ga Yuli, 1974, da kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhumar farko da ƙuri'a 27 da 11, 'yan Republican shida kaɗai suka yarda su jefa ƙuri'a a kan shugabansu.

Cikin waɗanda suka tsaya masa babu kamar Charles Wiggins, ɗan majalisa daga California. Lauya ne mai kaifin basira, kuma hujjarsa ɗaya ce a duk zaman kwamitin: a kawo shaidar da ta nuna shugaban da kansa ya aikata laifi, ba hadimansa ba. Sai Kotun Ƙoli, da bakin alƙalai takwas ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba, ta tilasta wa Nixon miƙa kaset-kaset ɗin. A cikinsu akwai na ranar 23 ga Yuni, 1972, kwana shida kacal bayan kamen, inda aka ji shi yana amincewa a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta taka wa binciken 'yan sandan tarayya na FBI birki. An ba Wiggins rubutaccen bayanin kaset ɗin a fadar White House, ya karanta, ya sake karantawa. Ranar 5 ga Agusta ya tsaya gaban 'yan jarida, murya na rawa, ya ce zai goyi bayan tsigewar. Sauran 'yan Republican na kwamitin da suka ƙi a baya duk suka biyo shi.

Wannan mutumin nake so ku riƙe a ranku. Kare Nixon da ya yi ba abin kunya ba ne, domin ya gindaya sharaɗi, ya ce a kawo shaida. Da shaidar ta zo bai matsar da sharaɗin gaba ba. Bai ce kaset ɗin na jabu ne ba, bai ce ai wasu ma sun yi ba, bai ce lokacin bai dace ba saboda zaɓe ya gabato. Tambayata ga kowannenku ita ce: kai mene ne sharaɗinka? Wace takarda ce, wace shaida ce, idan aka ajiye ta a gabanka gobe za ka ce shi ke nan, na daina karewa? Idan ka duba zuciyarka ka ga babu irin wannan shaidar ko ɗaya, to ka riga ka yanke hukunci kafin a buɗe shari'a, kuma rantsuwar da ka yi ranar kama aiki ba ta ba ka wannan damar ba.

Kwana biyu bayan maganar Wiggins, dattawan jam'iyya uku suka shiga wurin Nixon: Sanata Barry Goldwater, wanda ya yi wa jam'iyyar takarar shugaban ƙasa a 1964, da Hugh Scott jagoransu a Majalisar Dattawa, da John Rhodes jagoransu a ta Wakilai. Ba su ce masa ya sauka ba. Lissafi suka kai masa: yana buƙatar sanatoci 34 don ya tsira, waɗanda suka rage masa ba su kai 20 ba. Washegari ya sanar da murabus, ranar 9 ga Agusta ya bar fadar. Har yau shi kaɗai ne shugaban Amurka da ya yi murabus, kuma Majalisar Dattawa ba ta taɓa cire ko ɗaya ba. Masu hasashe kan yi maganar murabus kamar wani abu ne da ke faɗo wa shugaba cikin dare shi kaɗai. Ina! Shugaban da ke cikin rikici kewaye yake da mutanen da abincinsu ya dogara da zamansa a kujera, kowace safiya suna ce masa ranka ya daɗe, jama'a na tare da kai. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Sai an sami wanda yake jin nauyinsa, wanda ba zai iya kira maƙiyi ba, ya shiga ya rufe ƙofa ya faɗa masa gaskiya. Ɗan adawa ba zai iya wannan aikin ba. Naku ne.

Na san amsar da za ku ba ni, domin ni ma na taɓa ba da ita. Akwai shugaban da na zaɓa, na yi ta musu a kansa da abokai har muka ɓata da wasu. Da zargi ya taso a kansa na ce yarfe ne, bita-da-ƙulli ne, 'yan adawa ne suka rasa abin faɗa. Ranar da rahoton ya fito wani ya turo mini shi a waya. Na buɗe shafin farko, na rufe, ban sake komawa ba, domin na ji a jikina abin da zan tarar. Na ci gaba da musu wata da watanni a kan takardar da ban karanta ba. Har yau abin yana damuna, ni da ba ni da ƙuri'a a majalisa. Ku kuna da ita.

Za ku ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Za ku ce idan ya faɗi duk mun faɗi, 'yan adawa ne za su ci riba, kuma jam'iyyar da ta ba ni tikiti ba ta cancanci in yi mata zagon ƙasa ba. Ba zan raina wannan magana ba. Biyayya hali ne mai kyau, kuma jam'iyyar da 'ya'yanta ke watsewa da zarar iska ta kaɗa ba za ta iya mulki ba. Ba kuma zan yaudare ku cewa tsayawa a kan gaskiya ba ta da tsada. A Janairun 2021 'yan Republican goma suka goyi bayan tuhumar Donald Trump karo na biyu, bayan harin da aka kai ginin majalisa. Bayan zaɓen 2022 biyu ne kawai a cikinsu suka dawo. Huɗu sun haƙura da takara, huɗu sun sha kaye a zaɓen fid da gwani, har da Liz Cheney wadda tun a watan Mayun 2021 aka tuɓe ta daga muƙaminta a cikin shugabannin jam'iyyar a majalisa. Wanda ya ce muku masu zaɓe kullum suna saka wa mai gaskiya da alheri, bai faɗa muku daidai ba.

Amma ku dubi ɗaya ɓangaren, ku dubi jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu da shugabanta na wancan lokacin, Jacob Zuma. An kashe kusan rand miliyan 246 na gwamnati a gidansa na Nkandla da sunan tsaro, ciki har da wurin wanka na ninƙaya da aka fito aka ce wai tafkin kashe gobara ne, da garken shanu, da akurkin kaji. Mai kare haƙƙin jama'a, Thuli Madonsela, ta ce ya mayar da wani kaso. 'Yan majalisar ANC suka yi ta rufa-rufa. Ranar 31 ga Maris, 2016 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa Zuma ya gaza kiyaye kundin tsarin mulki, ta kuma ce majalisar kanta ta gaza sauke nauyin da ke kanta. Ku lura da wannan na biyun, kotu ce ke gaya wa 'yan majalisa sun ci amanar aikinsu. Kwana biyar bayan hukuncin aka kawo ƙudurin tsige shi, suka kayar da shi da ƙuri'a 233 da 143. A Agustan 2017 aka yi ƙuri'ar yanke ƙauna a asirce, ya tsira da 198 da 177. Sai da wa'adinsa na shugabancin jam'iyya ya ƙare a Disamba, Cyril Ramaphosa ya karɓa, sannan waɗanda suka yi ta kare shi suka ce ya sauka, ya kuwa sauka ranar 14 ga Fabrairu, 2018. Babu wata sabuwar shaida game da Nkandla da ta bayyana tsakanin 2016 da 2018. Mai riƙe da tikitin takara ne ya canja.

To me jam'iyyar ta samu? A 2014 ANC na da kashi 62 cikin ɗari na ƙuri'u. A 2024 ta faɗo kashi 40, ta rasa rinjaye karo na farko tun 1994. Dalilan suna da yawa, ga rashin wutar lantarki ga rashin aikin yi. Amma babban giɓin da ya buɗe a zaɓen, sabuwar jam'iyyar MK ce ta buɗe shi da kusan kashi 15, kuma jagoranta shi ne Zuma ɗin da suka zubar da mutuncinsu don su kare. Su kuwa 'yan Republican da suka saki Nixon, gaskiya ne sun rasa kujeru fiye da 40 a Majalisar Wakilai a zaɓen 1974, amma shekara shida bayan haka Ronald Reagan ya dawo da su fadar. Masu ra'ayin riƙau na Koriya ta Kudu, waɗanda aƙalla 62 daga cikinsu suka taimaka aka tsige shugabarsu Park Geun-hye da ƙuri'a 234 a Disamban 2016, sun faɗi zaɓen 2017, sun dawo mulki a 2022. Jam'iyya ta fi mutum ɗaya tsawon rai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada ku ɗauka ina tunzura ku ne ku tsige duk shugaban da aka yi wa ihu. Tsigewa soke zaɓin miliyoyin mutane ce, kuma an sha amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba. A Paraguay, a Yunin 2012, an fara shari'ar tsige shugaba Fernando Lugo an gama cikin ƙasa da kwana biyu, lauyoyinsa sa'a biyu aka ba su su kare shi, wanda ya gaje shi kuma mataimakinsa ne daga jam'iyyar ƙawancen da ta juya masa baya. A Birazil, ranar da wakilai 367 suka amince a gurfanar da Dilma Rousseff a Afrilun 2016, da yawansu sun zo gaban makirufo suna sadaukar da ƙuri'arsu ga matansu da 'ya'yansu da jikokinsu, 'yan kaɗan ne suka taɓo batun kasafin kuɗin da ake tuhumarta a kai. Kakakin da ya jagoranci zaman, Eduardo Cunha, kafin shekarar ta ƙare an kore shi daga majalisa, an kama shi bisa zargin rashawa. Idan abin da ke gabanku irin wannan ne, ku tsaya wa shugabanku, kuma zan yaba muku.

Haka kuma ba kowane juya baya ne jarumta ba. 'Yan jam'iyyar ZANU-PF ta Zimbabwe sun yi shekara 37 suna tafa wa Robert Mugabe. A Nuwamban 2017 sojoji suka fito da tankoki kan titunan Harare, cikin mako guda jam'iyyar ta tuɓe shi daga shugabancinta, majalisa ta zauna tsige shi, ranar 21 ga wata takardar murabus ɗinsa ta iso ana tsakiyar zaman, 'yan majalisa suka ɓarke da shewa da rawa. Ban ji tausayin mulkinsa ba. Amma waɗannan mutane ba su gano komai sabo game da shi a wannan makon ba. Ƙarfi ne ya koma wani hannu, suka bi. Mai tafa wa shugaba don tsoro da mai tsige shi don tsoro mutum ɗaya ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake roƙon kowannenku ya yi shi kaɗai a ɗakinsa. Ka ɗauki takardar tuhumar, ka goge sunan shugabanku, ka rubuta sunan shugaban jam'iyyar da ka fi ƙi. Me za ka ce? Manyan 'yan siyasa da yawa sun faɗi wannan gwajin a bainar jama'a. A 1999 Lindsey Graham, ɗan Republican, na cikin waɗanda suka gabatar da ƙarar shugaba Bill Clinton na Democrat a gaban Majalisar Dattawan Amurka, Chuck Schumer, ɗan Democrat, na cikin masu kare shi. A 2020, da aka zo kan Trump, sai suka yi musayar wuri. Laifuffukan ba iri ɗaya ba ne, kowannensu zai iya kawo dalilinsa. Amma ku dubi alƙaluman: a shari'ar Clinton ko sanata ɗaya na Democrat bai same shi da laifi ba, a shari'ar Trump ta farko Mitt Romney kaɗai ne ɗan Republican da ya saɓa wa jam'iyyarsa, kuma shi ne sanata na farko a tarihin ƙasar da ya jefa ƙuri'ar cire shugaban da suke jam'iyya ɗaya. Ba zai yiwu a ce mutum ɗari sun zauna sun saurari shaida ɗaya, kowa ya yi nazari da zuciya ɗaya, sannan sakamakon ya fito kusan daidai da jerin sunayen jam'iyyu ba. Talaka da ke kallo yana gane haka, kuma daga nan yake fara cewa duk ɗaya suke, ya daina fita zaɓe.

Abin da nake nema a wurinku bai kai yadda kuke tsoro ba. Kada ku toshe bincike. Idan kwamiti ya nemi takarda ko ya gayyaci hadimin shugaban ƙasa, ku bari a kawo, ku bari ya zo. In mutuminku na da gaskiya binciken ne zai wanke shi, wankin da jawabinku a talabijin ba zai taɓa yi masa ba. Rahoton da ya fito ku karanta shi da idonku, kada ku tsaya ga taƙaitawar da mai tsawatarwa na jam'iyya ya raba muku. Idan magana ta kai ga murabus, kada ku mayar da shi ciniki a bayan labule, a ce sauka mu rufe fayil. Fernando Collor na Birazil ya miƙa takardar murabus a Disamban 1992 ana fara shari'arsa, Majalisar Dattawa ta ci gaba da zamanta ta haramta masa riƙe muƙami shekara takwas. Jama'a na da haƙƙin sanin abin da aka yi da amanarsu ko da mai laifin ya tattara kayansa.

Na ƙarshe kuma, ku halarci zaman. Ranar 3 ga Disamba, 2024 shugaban Koriya ta Kudu, Yoon Suk Yeol, ya ayyana dokar soja cikin dare, sojoji suka fasa tagogi suka shiga ginin majalisa, 'yan majalisa suka yi ta haura katanga har 190 suka taru suka soke dokar. Kwana huɗu bayan haka aka kawo ƙudurin tsige shi. 'Yan adawa na da kujeru 192, mutum takwas kawai suke nema daga cikin 108 na jam'iyyarsa. Sai 'yan jam'iyyar suka miƙe suka fice daga zauren don kada adadin masu ƙuri'a ya cika. Mutum ɗaya, Ahn Cheol-soo, ya ci gaba da zama shi kaɗai a tsakiyar kujerun da babu kowa. Jagoran 'yan adawa ya tsaya yana kiran sunayen waɗanda suka fita ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su dawo, dubban mutanen da ke tsaye a waje cikin tsananin sanyi suna maimaita kowane suna. Biyu suka dawo. Ƙuri'u suka tsaya a 195, ko buɗe akwatin ba a yi ba. Mako guda bayan haka, da suka shiga suka zauna, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 204, kuma a Afrilun 2025 alƙalai takwas na Kotun Tsarin Mulki suka tabbatar da shi baki ɗaya.

Ɗaya daga cikin biyun da suka dawo a daren farko ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa ƙuri'ar ƙin tsigewa ya jefa, kamar yadda jam'iyyarsa ta tsayar. Duk da haka na girmama shi, domin ya shigo ya ɗauki nauyin da aka zaɓe shi ya ɗauka. Ni ma ban ce lallai ku ce e ba. Idan kun karanta, kun saurara, kun ga laifin bai kai na tsigewa ba, ku ce a'a da babbar murya, ku koma mazaɓunku ku yi wa mutanenku bayanin dalili. Amma ranar da akawun majalisa ya fara kiran suna, ina roƙon ya same ku a kujerunku.

Na gode da lokacinku. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai jefa ƙuri'a